“Nawa Kake Samu a Wata?”: Tallafin Gwamnati da Masu Sana'ar Kansu a Illela

A watan Oktoban 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin bai wa gidaje miliyan 15 naira 25,000 a kowane wata har tsawon wata uku, domin rage raɗaɗin janye tallafin man fetur da aka yi ranar 29 ga Mayun shekarar. Ba a je ko'ina ba aka dakatar da shirin a watan Janairun 2024, bayan zarge-zargen da suka yi sanadin dakatar da ministar jinƙai ta lokacin, Betta Edu. Da aka dawo da biyan kuɗin, sai aka gindaya sharaɗin cewa mai karɓa ya mallaki lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da kuma asusun da za a tura masa ta ciki. Tun kafin wannan ma, a watan Yulin 2023, Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta nuna rashin amincewarta da rajistar matalauta da aka gada daga gwamnatin da ta shuɗe. Daga wancan lokaci kalmar “tantancewa” ta zama ita ce a bakin kowa.

Sai dai tantancewa iri biyu ce. Akwai ta sanin ko wane ne mutum, wadda lambar NIN ke iya warwarewa. Akwai kuma ta sanin abin da mutum yake samu, kuma a nan gizo yake saƙa. Tsarin da ofishin NASSCO ya bi wajen haɗa rajistar bai nemi kowa ya kawo lissafin samunsa na wata-wata ba. Jama'ar gari ne ke zama su fitar da sunayen waɗanda suke ganin sun fi kowa buƙata, sannan ma'aikata su bi gida-gida suna tambayar irin rufin ɗaki da daɓensa, da ruwan sha, da makewayi, da zurfin karatun mai gida, da 'yan kadarorin da ya mallaka, daga nan kwamfuta ta jera gidajen bisa maki. Amma da zarar an ɗaure kowane mai karɓar tallafi da asusun banki, mataki na gaba ba shi da nisa, wato a leƙa a ga abin da ke shiga asusun, ko a ce masa ya riƙa bayyana abin da ya samu. Afirka ta Kudu ta riga ta bi wannan hanya. A Nijeriya ma an ga alamarta a tallafin naira 50,000 da aka ware wa ƙananan masu sana'a miliyan ɗaya, domin ma'anar da hukuma ta bai wa irin waɗannan sana'o'i ta haɗa da cewa cinikinsu a shekara bai kai naira miliyan 3 ba. Gara a yi muhawarar tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Illela kuwa wuri ne da ya dace a gwada wannan tunani, domin idan ya gagara a can, da wuya ya yi aiki a mafi yawan kasuwannin ƙasar Hausa.

Illela tana arewa da birnin Sakkwato, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, kuma tsakaninta da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Kasuwarta ta ranar Lahadi tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewa maso yamma. Shanu da raguna da awaki da raƙuma suna shigowa daga arewa, hatsi da kayan masarufi suna fita. A tsakanin mai kawowa da mai saye akwai ɗimbin jama'a da ke ci daga wannan zirga-zirga: dillalai, da 'yan dako, da 'yan kabu-kabu, da 'yan canji, da masu sayar da dusa da harawa, da masu abinci, da yaran mota. Kusan babu ɗaya daga cikinsu da ke karɓar albashi. Wannan bai sa sun zama bare ba, domin ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 'yan shekarun nan ta nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya sana'ar kansu suke yi. Mai albashi shi ne tsiraru, amma da ma'auninsa ake son a auna kowa.

Matsalar tana farawa ne tun daga harshe. “Kuɗin shiga” kalma ce ta gidan rediyo da kasafin kuɗin gwamnati, an ƙirƙire ta ne domin fassara, kuma ba kasafai ake jin ta a bakin ɗan kasuwa yana magana a kan kansa ba. Shi abin da ya sani shi ne jari ko uwar kuɗi, da ciniki, da riba, da la'ada, da kamasho, da kuɗin jinga, da ladan dako. Kowace daga cikinsu tana da iyakarta a cikin tunaninsa. Mai sayar da dusa da aka tambaya abin da ya samu jiya yana iya faɗin cinikinsa gaba ɗaya, har da uwar kuɗin da ba tasa ba ce. Maƙwabcinsa kuma yana iya faɗin abin da ya rage masa bayan ya yi cefane, domin a wurinsa abin da aka ci ya riga ya wuce, ba ya cikin samu. Duka biyun gaskiya suka faɗa, amma a kan takarda na farko zai fito mawadaci, na biyu kuma faƙiri. Ko ƙidayar kuɗin ba ɗaya ba ce a ɓangarori biyu na iyakar. A Ƙonni da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa biyar ke nan, jikka kuwa sefa 1,000 ce, alhali a Nijeriya tsohuwar ma'anar jaka naira 200 ce. Ma'aikacin da aka turo da na'ura daga Sakkwato ko Abuja, wanda aka koya wa cike gurbi ɗaya da lamba ɗaya, ba shi da inda zai zuba wannan bambanci.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai abin yake haka ba. A wani bincike da Suresh de Mel da David McKenzie da Christopher Woodruff suka wallafa a 2009 a kan masu ƙananan sana'o'i a Siri Lanka, sun gano cewa tambayar mutum ribarsa kai tsaye ta fi kusa da gaskiya fiye da a sa shi ya lissafa abin da ya shigo da abin da ya fita dalla-dalla, kuma sun lura masu sana'ar suna rage yawan cinikin da suke faɗa. Wato yawan gurabe a kan takarda ba ya ƙara wa amsa inganci.

Leƙa asusun banki, wanda ake gani kamar shi ne maganin ƙarya, ya fi tambayar baki haɗari. A ɗauki dillalin raguna a matsayin misali. Mai saye daga Legas ko Ibadan zai turo kuɗin raguna ashirin cikin asusun dillalin, saboda Buzun da ya kawo dabbobin ba shi da asusu a Nijeriya. Kafin la'asar dillalin ya cire kuɗin a wurin mai POS, ya kai wa ɗan canji, an mayar da su sefa, mai dabbobi ya kama hanyar gida. Miliyoyi sun ratsa asusun a yini ɗaya, abin da ya rage a aljihun mai asusun kuwa la'ada ce da ba lalle ta kai shi Lahadi mai zuwa ba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 irin wannan aron asusu ya zama ruwan dare. Mai waya ɗaya a unguwa yakan karɓar wa gidaje da dama saƙon 'ya'yansu da suka tafi ci-rani, uwar adashi kuma tana riƙe da zubin mata goma ko ashirin. Na'urar da aka umarta ta cire duk wanda kuɗi kaza suka shiga asusunsa ba ta san amana ba. A Afirka ta Kudu, inda aka riƙa duba asusun masu neman tallafin rand 350 kowane wata, ana hana duk wanda abin da ya shigo masa ya haura rand 624, sai da maganar ta kai gaban babbar kotu a Pretoria. A watan Janairun 2025 kotun ta yanke hukuncin cewa ba daidai ba ne a ɗauki kyauta ko wani kuɗi da ya shigo sau ɗaya a matsayin samun mutum. Gwamnatin ƙasar ta ɗaukaka ƙara, amma darasin ya riga ya fito fili.

Sai batun wata. Wata ma'aunin mai albashi ne. Rayuwar Illela a kan mako take tafiya, saboda kasuwa, da kuma a kan shekara, saboda damina da kaka da rani da bazara. Manomin albasa a fadamun Kalmalo yana zuba kuɗi wata da watanni ba ya ganin ko sisi, sannan ya karɓi kuɗin shekararsa cikin 'yan makonni. Mai kiwon rago ɗaya ko biyu yana jiran Babbar Salla. Magidanci yana noma gero da damina, da kaka ta wuce ya nufi kudu, al'adar da ta daɗe a wannan yanki har R. Mansell Prothero ya yi nazari a kanta a lardin Sakkwato tun a shekarun 1950. Idan aka tambayi ɗaya daga cikin waɗannan a watan da ya sayar, za a cire shi daga jerin mabuƙata. Idan aka tambaye shi a watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, za a same shi ba shi da abin kai wa baki. Mutum ɗaya ne, ranar zuwan ma'aikaci ce kawai ta bambanta.

A kan wannan sauyi na yanayi, Illela tana da wani nata na daban wanda daga Abuja yake zuwa mata. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai ranar 16 ga Disambar 2020, tare da ta Seme da Maigatari da Mfum. A tsakiyar wannan rufewa, cikin Nuwambar 2019, aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, wanda ya shafi garin kai tsaye. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, har zuwa watan Maris na 2024. Idan aka haɗa, cikin ƙasa da shekara biyar garin ya yi kusan wata 23 ƙofar abincinsa a garƙame. Ɗan dakon da ke rufa wa kansa asiri a watan Yuli ya wayi gari a watan Agusta ba shi da abin ɗauka, kuma ba laifinsa ba ne, sanarwa ce aka karanta a rediyo. A nan ne tsarin da ake bi yanzu shi ma yake nuna gazawarsa, domin rufin kwano da babur da aka rubuta wa gida shekara uku da suka wuce suna nan a cikin kwamfuta, ko da an sayar da babur ɗin an ci. Darajar naira ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Dalar Amurka da ke wajen naira 460 a farashin hukuma a watan Mayun 2023 ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024, ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro. Duk wani adadi na naira da aka kafa a matsayin iyakar talauci zai tsufa kafin a gama buga takardunsa.

Ƙasashen da suka daɗe da wannan harka ba su bi hanya ɗaya ba. A Birtaniya, mai sana'ar kansa da ke karɓar tallafin Universal Credit dole ne ya bayyana abin da ya shigo masa da abin da ya kashe kowane wata, kuma bayan shekarar farko ana ɗauka kamar yana samun daidai da mafi ƙarancin albashi ko da bai samu ba, a rage masa tallafi bisa wannan ƙiyasi. Da annobar korona ta zo a 2020, sai da gwamnatin ta jingine ƙa'idar fiye da shekara guda. Wannan kuwa a ƙasar da kusan kowa ke da rasit da asusu ke nan. Brazil ta ɗauki wata hanyar. Rajistarta ta matalauta a kan furucin mutum take tafiya, ana sabunta bayani aƙalla sau ɗaya cikin shekara biyu, kuma dokar Bolsa Família ta 2023 ta tanadi cewa gidan da samunsa ya ɗan ɗaga ba za a yanke masa tallafi nan take ba, zai ci gaba da karɓar rabi na wani lokaci. Hikimar wannan a bayyane take. Idan faɗin gaskiya yana nufin rasa tallafi gobe, to an koya wa mutum ɓoyewa, ko kuma an koya masa kada ya yi ƙoƙari.

Akwai kuma tambayar ko samun wa ake nufi. Takardun tallafi suna ɗaukar gida kamar aljihu ɗaya ne. A gidan Bahaushe kuwa dukiyar mace tata ce, addini da al'ada sun tabbatar mata da haka. Polly Hill ta kira cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida “ɓoyayyen ciniki” a rubutunta na 1969, Enid Schildkrout kuma ta nuna yadda wannan ciniki yake dogara da tallar yara a birnin Kano. Mai gida sau da yawa bai san ribar ƙuli-ƙuli ko furar matarsa ba, kuma ba mutuncinsa ba ne ya bincika. Idan aka sa shi ya faɗa, zai yi ƙiyasi. Idan aka sa ta faɗa a gabansa da gaban kishiya, an taɓa wani abu da ya fi naira 25,000 tsada.

Wannan ya kawo batun tsoro. Bahaushe yana da dogon tarihi da mai zuwa da takarda yana tambayar dukiya. A zamanin Turawa da taki aka auna gonaki, aka ƙiyasta samun maƙera da masaƙa da marina, aka ƙirga shanu, kuma ƙarshen kowace ƙidaya haraji ne ko jangali. Sai a 1979 gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke su a jihohinsu. Har yanzu akwai masu rai da suka ga yadda ake kama mutum a kan haraji. Yanzu kuma sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun sake tayar da zancen a kasuwanni, duk da cewa sun yafe wa mai samun da bai wuce naira 800,000 a shekara ba. A gari irin Illela akwai ƙarin dalili. Wani ɓangare na abin da talaka ke ci yana fitowa ne daga ɗaukar jarkar mai ko buhun hatsi ta barauniyar hanya, musamman a watannin da aka rufe ta gaskiya. Ba wanda zai rubuta wannan a takardar gwamnati mai ɗauke da lambarsa ta NIN. Ko ba wannan, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mutumin da aka tambaya yaya kasuwa ya ce “alhamdu lillahi” ba ƙin amsa ya yi ba, ya amsa ne da harshen rufin asiri, wanda ke hana shi tallata samu kamar yadda yake hana shi tallata rashi.

Masu goyon bayan tsaurara bincike suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Kuɗin kaɗan ne, wani ɓangarensu ma bashi ne, dala miliyan 800 daga Bankin Duniya, kuma kowa ya ji labarin sunayen 'yan siyasa da 'yan uwansu da ke shiga jerin mabuƙata. Amma ya kamata a lura da inda ɓarnar ta fi faruwa. Badaƙalar da ta tsayar da shirin a 2024 a ofisoshin Abuja ta taso, ba a rumfar mai dusa ba. Sannan a jihar da ƙididdigar talauci mai fuskoki da yawa ta 2022 ta nuna kusan kashi 91 cikin 100 na mutanenta matalauta ne, mafi yawa a duk ƙasar, wahalar da za a sha wajen zaƙulo mutum ɗaya cikin goma tana iya fin abin da za a tsimin. Kuskuren da ya fi yawa a irin wannan wuri shi ne barin mabuƙaci a waje. Nazarin da Caitlin Brown da Martin Ravallion da Dominique van de Walle suka yi a kan ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya da Nijar, ya nuna auna talauci ta hanyar kadarori yana taimakawa wajen cire masu hali, amma yana zubar da matalauta masu yawa tare da su.

Abin mamaki shi ne ƙasar Sakkwato tana da tsohon tunani a kan wannan mas'ala, a cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanta har gobe. Fiƙihun Malikiyya, a babin zakka, ya san cewa dukiyar ɗan kasuwa ba ta zama wuri ɗaya. Risala da Muhtasar sun bambanta mai jujjuya haja kullum, wanda zai zaɓi lokaci ɗaya a shekara ya yi wa kayansa kima, da mai ajiye haja yana jiran kasuwa, wanda ba a neman komai a wurinsa sai ya sayar. Ma'aunin shekara ne, ba wata ba. A ɓangaren mai karɓa kuma, malaman mazhabar sun bayyana faƙiri da cewa shi ne wanda abin hannunsa ba zai ishe shi shekara ba, sun halatta a bai wa mai sana'a idan sana'ar ba ta ɗauke shi, har ma wanda ya mallaki nisabi idan iyalinsa sun fi ƙarfin abin da ya mallaka. Wanda ya ce shi mabuƙaci ne ana gaskata shi, sai idan akwai dalilin kokwanto, kamar a ce an san shi da dukiya, to a nan ne za a nemi ya nuna yadda ta salwanta. Gaskiya ne zakka ibada ce, tsoron Allah yana tsaron ta ta hanyar da ba ya tsaron kuɗin gwamnati a idon mutane da yawa. Duk da haka tsarin ya aza nauyin kawo hujja a kan wanda ake zargi kaɗai, bai mayar da kowane talaka abin tuhuma ba. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, wadda ke aiki ta hannun kwamitocin gundumomi, ta fi kusa da wannan fahimta fiye da kowace manhaja.

Idan har za a tambayi mai sana'ar kansa samunsa, to a tambaye shi da kalmominsa, a raba ciniki da riba da la'ada, a bi shekara kaka da rani da bazara da damina, a tambayi mace ita kaɗai ta bakin mace. A karɓi furucinsa, a bar bincike mai zurfi ga wanda jama'ar unguwa suka nuna shakku a kansa, kuma ya san wurin da zai kai kuka a cikin ƙaramar hukumarsa ba sai ya je Sakkwato ba. Kada kuɗin da suka ratsa asusu su zama hujjar cire kowa. Doka ta fito fili ta hana miƙa bayanan rajistar ga masu karɓar haraji ko jami'an kwastan, a kuma sanar da haka a rediyo da masallatai. Ga garuruwan kan iyaka irin su Illela da Jibiya da Maigatari da Kamba, rufe iyaka da kansa ya isa ya zama dalilin buɗe rajista da fara biya, ba tare da jiran kowa ya tabbatar da cewa kasuwarsa ta mutu ba, tunda gwamnatin da ke neman hujjar ita ce ta sa hannu a takardar rufewar.

A cikin wannan duka akwai aikin da ya rataya a wuyan sassan nazarin Hausa. Takardun tambayoyin da ake shiga da su ƙauyuka da Ingilishi ake tsara su, ma'aikaci ne ke juya su a bakinsa yadda ya ga dama a ƙofar kowane gida, ta yadda tambaya ɗaya takan zama iri goma a ƙaramar hukuma ɗaya. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da masana harshe da al'ada da za su iya zama a kasuwar Illela su tattara kalmomin samu da rashi na Sakkwatanci da na Ƙonni, su gwada wace tambaya ce ke fito da riba, wace ce ke fito da ciniki, wace ce kuma ke sa mutum ya ce “sai godiya” ya yi shiru. Ofishin da ke kula da rajistar a jihar yana cikin birni ɗaya da jami'ar.